Rawaya A Dajin Rugu: Mun Riƙe Suna Mun Saki Tsiro

Kwanakin baya muna cikin darasin ilmin ma'ana, sai malaminmu ya kawo zancen sunayen launuka a Hausa. Ya nuna mana cewa fari da baƙi da ja su ne tushe, sauran kuwa yawancinsu Bahaushe ya aro su ne daga abubuwan da yake gani a kewayensa, kamar ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Da ya zo kan rawaya sai ya dakata, ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya taɓa ganin rawaya da idonsa. Aji ya yi tsit. Can sai wani abokinmu, haifaffen birni, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai rawaya launi ce, ga ta nan ma a bangon littafina." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba, domin ni mutumin Yasore ne a ƙasar Batsari, kuma na san rawaya tun ban san baƙi da wasali ba. Abin da ya ƙara damuna shi ne, da na zauna na yi lissafi, sai na ga ni kaina na yi shekaru rabona da ita.

Wannan shi ne dalilin wannan ɗan rubutu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, rawaya ta cancanci a bar mata wurin zama a dazukanmu da gefen gonakinmu, kuma mu ɗaliban Hausa muna da kaso a cikin wannan aiki. Amma kafin in kawo hujjojina, bari in gabatar da ita ga wanda bai san ta ba, tun da ba a yi wa mutum shaida sai an san shi.

Rawaya wani ɗan tsiro ne na daji wanda a wasu wurare ake ce masa balge ko balagande. Masana tsirrai suna kiran ta Cochlospermum tinctorium, kalmar ƙarshen nan kuwa da Latinanci tana nufin abin rini, watau su ma ta fuskar rinin suka san ta. Ana samun ta a faɗin ƙasashen da ke da irin dajinmu, tun daga Senegal har zuwa Sudan. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa a farkon zamanin Turawa, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, haka kuma tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Ke nan baƙi sun rubuta ta fiye da shekara ɗari da suka wuce, mu kuwa masu ita muna neman mantawa.

Yadda take rayuwa abin a tsaya a duba ne. Jikinta na ainihi yana ƙarƙashin ƙasa, watau wata saiwa mai kauri, wadda in ka sare ta za ka ga cikinta da launin nan da ya ci sunanta. Da damina ta faɗi sai saiwar ta fid da rassa waɗanda da wuya su wuce ƙugun mutum, masu ganye mai yatsu kamar tafin hannu. A watanni huɗun nan da muke samun ruwa, daga Yuni zuwa Satumba, aikin ganyen shi ne tara abinci ya tura wa saiwa, kamar dai yadda manomi yake cika rumbu. Kaka na wucewa sai rassan su bushe, wanda bai sani ba ya ɗauka ta mutu. To, sai hunturu ya kankama, ciyawa ta zama yayi, galibi bayan wuta ta bi daji ta bar shi baƙi ƙirin, sa'an nan ne rawaya take fid da furenta. Furen yakan fito ne dab da ƙasa, ba ganye ko ɗaya tare da shi, mai kunnuwa biyar, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji da sanyin safiya a wannan lokaci ya hangi furannin nan warwatse a kan toka, ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa Bahaushe ya ɗauki sunan tsiron ya ba launi. Bayan fure sai 'ya'ya su biyo, cikin wani kwanso wanda in ya bushe yakan tsage, ƙwayoyin iri su fito lulluɓe da farin gashi kamar audugar rimi.

Ba ta da tsadar wurin zama. Ba ta neman fadama, ba ta neman taki, ba ta son inuwa mai duhu ko inda ruwa yake kwanciya. Inda ta fi jin daɗi shi ne fili mai rana, ƙasa mai tsakuwa da marmara, gindin duwatsu irin waɗanda suka yawaita a ƙasar Ruma, da tsohuwar saura, da gefen burtali. Watau dai wuraren da manomi yake rainawa su ne gidanta. Fari ba ya kashe ta, wuta ma ba ta kai ga saiwarta. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a tumɓuke saiwar nan, ko a hana ta ganye shekara da shekaru har rumbunta ya ƙare.

To, me ya sa za mu damu da ita? Hujjata ta farko ita ce ƙananan halittun da suke ci daga gare ta. Da damina fure ba ya wuya, ga tafasa, ga yaɗiya, ga kabewa, ga wake, ko'ina ƙwaro ya juya zai sami abinci. Amma da rani, in ka ɗebe manyan itatuwa irin su gawo da kaɗanya da ɗorawa da rimi, waɗanda kowannensu yake da ɗan lokacinsa, kusan babu mai fure a ƙasa. A wannan lokaci na yunwa ne rawaya take buɗe nata. Wanda ya ba ka loma a watan bazara ya fi wanda ya cika maka ƙwarya da kaka.

Akwai kuma wata hikima ta Ubangiji a cikin furen. A tsakiyarsa akwai zare-zare masu yawa, kowanne da 'yar jaka a kansa cike da garin fure. Jakar nan ba ta tsagewa, ɗan ƙaramin baki gare ta a sama kamar tandun kwalli, garin ba ya fita sai an girgiza. Ƙudan zuma da muka sani bai iya wannan girgiza ba. Masu iyawa su ne waɗansu 'yan'uwansa, musamman baƙin nan mai kauri mai ƙugi, wanda yake huda busasshen reshe ko dirkar rumfa ya yi gida. Shi ne yakan rungume zaren ya kaɗa jikinsa da ƙarfi har garin ya zubo masa, ya kai wa 'ya'yansa, a hanya kuma ya shafa wa wani furen, barbara ta auku. Abin da ya zube a kan kunnuwan furen kuwa, ƙudan zuma da galla su kalata. Kowa dai da rabonsa.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan manomi da cikin wani baƙin ƙwaro? Da ruwansa ƙwarai. Furen tumatir da na gauta da na yalo irin wannan jaka gare su, su ma sun fi yin 'ya'ya in an girgiza su, kuma ƙwarin nan dai su ne masu yi. Kaɗanya ma, wadda mata suke samun man kaɗe daga gare ta, tana ƙara 'ya'ya in ƙudan zuma da galla suna ziyartar furenta. Ƙwaron da ya sami abin da zai riƙe ransa da rani shi ne zai wayi gari a lambu da gona. Har ila yau tsuntsaye da ƙadangaru da yawa abincinsu ƙwari ne, da damina kuma kurmin ganyen rawaya da sauran ƙananan tsirrai nan ne fakara da zabon daji suke fakewa. Daji kamar saƙa yake, in ka zare zare ɗaya ba ka san iyakar inda zai warware ba.

Hujjata ta biyu ita ce amfaninta ga mutum. Tun kafin galura ta shigo kasuwanninmu, da saiwar rawaya ake rina zane da fata, kamar yadda ake samun shuɗi daga baba, ja kuma daga karan dafi. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna jiƙa ta domin shawara, kuma masu bincike a jami'o'in Afirka ta Yamma da na Turai sun yi nazarin saiwar saboda wannan dalili. Ba ina cewa wanda idonsa ya sauya ya zauna gida yana shan jiƙo ba, a'a, shawara alama ce ta cututtuka iri-iri, waɗansunsu masu kisa, asibiti ne wurin tantance su. Abin da nake nufi shi ne, tsiron da kakanninmu suka gano wani abu a cikinsa, masana kuma suke bin sawu, bai kamata mu bari ya ɓace daga ƙasarmu tun ba a gama sanin abin da ke cikinsa ba. Bugu da ƙari, a wurare da dama ana daka busasshiyar saiwar a zuba garin a miya domin launi, har ana sayar da shi a kasuwa.

A nan ne kuma matsalar take farawa, domin abin da ake so a jikin rawaya shi ne ranta. Wanda ya tsinki ganyen kuka ya bar kuka a tsaye, amma wanda ya haƙi rawaya, in bai yi hankali ba, ya gama da ita. Ina tuna wata rana ina yaro na raka kakata daji neman ta. Na sa fartanya na tumɓuko wata saiwa ɗungurungum, na kawo mata ina jiran yabo. Sai ta dube ni ta ce, "Kai mai gidana, haka za ka riƙe ni, ka cinye iri ka bar ni da rumbu wayam?" Ta karɓa ta yanki abin da take bukata, ta mai da kan saiwar rami ta rufe da ƙasa, ta taka da ƙafa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma dokar da ta koya mini a ran nan ita ce dokar da masana suke wa'azi a kanta yau. Mai haƙa domin buhu ya cika ya kai kasuwa ba ya bin wannan doka.

Banda haƙa, akwai waɗansu abubuwa da suka taru suka matse ta. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, saurar da a da ake bari ta huta shekaru yanzu ba a ɗaga mata ƙafa, burtali ma an ci gefensa har ya zama kamar hanyar ƙafa. Garmar shanu da ta tarakta suna kai wa inda fartanya ba ta kai wa. Sa'an nan ga maganin feshi na kashe ciyawa, wanda ya zama ruwan dare, waɗansu irinsa kuwa sukan bi ganye su gangara har saiwa. Mai feshi ba ya tsayawa iyakar kunyarsa, yakan haɗa da gefen gona da bakin hanya, ya ce yana tsabtacewa. Ba ina da'awar rawaya ta ƙare a duniya ba, tana nan da yawa a wasu ƙasashe. Amma tsiro yana iya ƙarewa a garinku alhali yana nan a littafi, kuma ƙudan zuman Yasore ba zai je Senegal kalaci ba.

Game da wuta, dole in yi magana a fili kada a fahimce ni a karkace. Cewa rawaya tana fure bayan toyi ba izni ba ne na cinna wa daji wuta. Wutar da ta bi daji da wuri, ciyawa da sauran danshi, takan wuce sama-sama. Wadda aka cinna da tsakiyar rani kuwa, don farautar gafiya ko don sakaci, takan cinye abincin dabbobi, ta kashe ƙananan itatuwa, ta ƙone busassun rassan da ƙwarin nan suke gida a ciki. Rawaya za ta tsira ta yi furenta, amma wa zai zo ya girgiza shi?

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, wannan ɗalibi bai san ciwon kansa ba. Ƙasar da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya a watan Fabrairu na 2020, yankin da a Disambar shekarar nan aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shiga daji da su, a nan ne wani zai zauna yana kukan fure? Wannan magana tana da nauyi, ba ni kuwa da bakin raina ta, domin waɗanda suka bar gonakinsu suka kwana a makarantu da gidajen dangi a Batsari da Katsina 'yan'uwana ne. Ran mutum ɗaya ya fi rawayar duniya duka. Amma ina roƙon mai wannan magana ya dubi wata asara da ba a lissafa ta. Sanin daji ba a aji ake koyon sa ba, a tafe ake koyon sa, yaro yana bin kakarsa ko yana bin garke, ana nuna masa ana faɗa masa suna. A shekarun da tsoro ya raba mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Dajin Rugu, yara da yawa sun tashi ba su yi wannan tafiya ba. Tsofaffin da suka san wace saiwa ce ta shawara, wane fure ne yake fita a wane wata, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gona in an dawo ana iya sassabe ta, gida ana iya sāke gina shi, amma abin da ke cikin kan tsoho in ya bi shi kabari shi ke nan. Wanda bai san daji ba kuwa ba zai ga dalilin tsare shi ba, ƙasar da ta mutu kuma ita ce take ƙara hura wutar rigima tsakanin manomi da makiyayi, tun da kowa yana neman ɗan abin da ya rage.

Akwai darasi kusa da mu, in muna so mu ɗauka. A ƙasar Maradi, wadda ba ta da nisa da Jibiya, an sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki toho ne na kututturan da suke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin toho ɗaya ko biyu a kowane kututture suna gyara shi, abin da suka sa wa suna sassaben zamani. Daga baya aka kimanta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba su sayo iri daga ko'ina ba, abin da ke ƙasa suka ƙyale ya tashi. Mu ma a nan muna da shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina take cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya. Dashen darbejiya da turare yana da amfaninsa, amma ita darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare kuwa daga Ostareliya, kuma jerin itatuwa da ƙasa tsirara a ƙarƙashinsu bai zama daji ba. Daji ya haɗa da na sama da na ƙasa, har da irin su rawaya da ba su wuce ƙugu ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata. Manomi ya bar ɗan gefen gona da gindin dutse da wurin marmara, inda ko ya shuka ba abin kirki zai samu ba, kada garma ko feshi su taɓa. Mai haƙa ya bi dokar tsofaffi, ya yanki rabi ya rufe rabi, ya kuma jira sai 'ya'yan sun fashe iri ya zuba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, tun daga Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, in ana zaman shata burtali da makiyaya, a tuna cewa waɗannan filaye su ne mafakar tsirran da gona ta kora. Malaman gona su riƙa faɗa wa mutane inda feshi ya kamata ya tsaya. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wadda take maƙwabtaka da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, suna iya keɓe ɗan fili su tara tsirran ƙasar nan da sunayensu na Hausa da Fulatanci, yaran makaranta su zo su gani.

Mu kuwa 'yan sashen Hausa, namu aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowace shekara muna rubuta kundaye a kan karin magana da kirari da waƙa, wannan kuwa daidai ne. Amma sunayen tsirrai da ƙwari da irin ƙasa su ma Hausa ce, kuma su ne suka fi saurin zubewa, domin kalma ba ta daɗewa bayan abin da take nufi ya tafi. In hutu ya zo, kowannenmu ya sami tsoho ko tsohuwa a garinsu, ko a inda gudun hijira ya kai su, ya zauna da littafi da alƙalami. Ya tambayi suna, da inda abin yake fita, da watan da yake fure, da abin da yake ci daga gare shi, da amfanin da ake yi da shi. Ya rubuta yadda aka faɗa masa da karin harshen wurin, kada ya gyara. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to, a ɗebe ta tun tana nan.

Ni dai na yi wa kaina alkawari, in Allah ya kai mu hunturu kuma hanya ta yi kyau, zan ɗauki ƙanena mu fita bayan gari wajen duwatsu, in nuna masa rawaya a inda take, in kuma koya masa yadda ake rufe rami. In na sami hali zan ɗauko hotonta in kawo wa abokina na birni, ya ga inda launin bangon littafinsa ya samo suna. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa, amin.